Daga Igwar Tanimun Zuwa Wasan Wutar Yaranmu: Kare a Tarihin Damagaram

A ƙarshen watan Disamba na wata shekara, ana saura kwana biyu mu ba da hutu, na ji ihun yara a bayan katangar makarantar da nake koyarwa a nan Damagaram. Da na leƙa sai na tarar da ɗalibaina huɗu, ƴan aji biyar, sun kama wani kwikwiyo sun ɗaura masa abin fashewar nan na yara a wutsiya, ɗayansu na riƙe da ashana. Kafin in buɗe baki abin ya tashi. Kwikwiyon ya zabura ya faɗa ramin da ake buga bulo, yana ta makyarkyata, fitsari na zuba. Yaran kuwa dariya har da riƙe ciki. Da na tambaye su dalili, sai babbansu ya ce, "Mushe, ai kare ne."

Na naɗe shi cikin tsohon buhu na kai gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kare a gidan malami?" Washegari wani dattijo maƙwabcina ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, me mutane za su ce?" Yarana suka raɗa masa suna Tsintau, ya kuma zauna. Amma maganar yaron nan ta tsaya mini a rai, domin ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a bakin manya ya ji ta. Shi ya sa na koma ga ɗan abin da muka karanta na tarihi a makarantar horon malamai, da abin da na ji a zauren malamai, don in ga inda kare ya tsaya a rayuwar kakanninmu.

Tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa kare yana tare da mu. Tsohon kundin tarihin Kano ya ambaci baƙin kare cikin dabbobin da mutanen Dala ke yankawa ga Tsumburbura a zamanin Barbushe. A ganina, wani ɓangare na ƙyamar da muke wa baƙin kare daga nan ya samo tushe, domin da mutane suka bar tsafi sai suka haɗa da dabbar da ake tsafin da ita suka tsana. Sai dai harshenmu bai manta da amfaninsa ba. Har gobe muna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma duk wanda ya fara faɗin haka ya san farauta, ya san darajar kare mai gudu.

Masarautar Damagaram ta samo asali a ƙarni na 18 daga zuriyar wani malami da ya fito daga ɓangaren Barno, kuma a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da fadarsa Zinder. Garin ya bunƙasa da fatauci. Birni na da sarki da fadawa, Zango kuma na saukar ayarin Buzaye da fataken da ke bin hanyar Kano zuwa Agadas har Tarabulus. Baturen Ingila James Richardson ya sauka nan a farkon 1851, Heinrich Barth kuma ya iso a ƙarshen 1852. A irin wannan ƙasa ta noma da kiwo da fatauci, kare iri uku ne. Akwai karen maharbi, wanda ake ciyarwa da kyau saboda da shi ake samun nama. Akwai karen makiyayi da na ayari, mai kwana a bakin garke yana korar kura da dila. Irin dogon karen nan na Buzaye mai siririn ciki, wanda Turawa ke kira da sunan yankin Azawak, tun shekarun 1970 aka kai shi Turai, yanzu can ana kiwonsa ana alfahari da shi. Na uku shi ne karen gari marar ubangida, mai bin juji da bayan mahauta. Shi ne yara ke jifa, kuma daga cikinsu Tsintau ya fito.

Da na je wajen wani malaminmu na zaure da tambayar maƙwabcina, sai na ji abin da ban zata ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk abu mai rai jikinsa mai tsarki ne, har da kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada. Alƙur'ani ya halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, a Suratul Ma'ida, kuma ya ambaci karen Ashabul Kahfi. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗi cewa mai riƙe shi ba tare da buƙata ba ladansa na raguwa. Akwai kuma sanannen labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malam ya ƙara mini da wani labari da masu sharhin Risala ke kawowa: marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare a gidansa sa'ad da katangarsa ta faɗi, saboda tsaro. Wannan Risalar kuwa ita ce ake karantawa a zaurukan Birni da Zango shekara da shekaru. Don haka na yi wa Tsintau wuri a bakin turken awaki, ba ya shiga ɗakunan kwana ko wurin salla, yana kuma gadin dabbobi. Maƙwabcina bai sake ɗaga maganar ba.

Sai batun ƙara. Damagaram ta san tashin albarushi tun ba yau ba. Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta kimanin shekara talatin har zuwa 1884, shi ya zagaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi masu yawa, ya sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin garin nan. Da wannan ƙarfi Ahmadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, kuma a ƙarshen Yuli 1899 bindigogin Faransawa suka rinjayi rundunar Damagaram a Tirmini. Ke nan kusan rabin ƙarni kunnuwan garin nan, na mutum da na dabba, suna shan ƙarar wuta.

Abin lura a nan shi ne doki. Rundunar da ke da mahaya da ƴan bindiga tare ba za ta yi yaƙi da dokin da ke zabura da jin harbi ba. Ko a yau, duk wanda ya ga doki ya tsaya cik a wajen hawa ana harba bindigar toka, ya san ba haka aka haife shi ba. Sabar masa aka yi, daga nesa zuwa kusa, daga ƙaramar ƙara zuwa babba, da lallashi da shafa wuya. Kakanninmu sun san dabba na jin tsoro, sun kuma san duka ba ya cire tsoro. Wannan sanin muka riƙe wa doki saboda yana da tsada, muka hana kare saboda a banza ake samunsa. Alhali kunnen kare na kama siraran sautuka da kunnen mutum ba ya ji sam, kuma ba shi da hanyar gane cewa fashewar nan ta murna ce.

Zamanin Turawa ya zo da wani darasin. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da ita Yamai. Wannan matsala har yau muna fama da ita, kuma a garin da ake sayen ruwa a hannun ƴan ga-ruwa, karen da ba shi da ubangida shi ne na ƙarshe a layi. A ɓangaren lafiya, a watan Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro mai suna Joseph Meister allurar ciwon haukan kare, yaron ya rayu. Amma har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Wato sa'annin ɗalibanmu. Karen da aka tsorata ya fi kowane kare saurin cizo, kuma yaron da ya durƙusa yana ɗaura masa abu a wutsiya shi ne mafi kusa da haƙoransa.

Ga abin da zama da Tsintau ya koya mini, ko wani zai amfana. Makonnin farko ko tari na yi sai ya ɓuya bayan rumbu. Ban tilasta masa ba. Nakan ajiye masa ragowar tuwo da ɗan romo a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, safe da yamma, in koma nesa in zauna. Sai da ya yi kusan wata kafin ya ci abinci ina tsaye. Kaskon ruwansa ba ya bushewa, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40, kuma yana da inuwa. Ba ma ba shi dafaffen ƙashin kaza don yana tsagewa ya soke shi, ba ma ba shi abin da albasa ta yi yawa. Duk Juma'a mukan duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa mu cire kaska. Na kai shi wajen likitan dabbobi aka yi masa allurar haukan kare, ina kuma ajiye da takardar.

Idan Salla ta gabato ko ƙarshen shekara, lokacin da yara ke fasa abubuwansu, ko damina ta zo da tsawa, sai mu ba shi abinci tun kafin magariba, mu sa shi a ɗakin ajiya inda ya saba, da tsohon buhunsa da ruwa, mu kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ba a ɗaure shi da igiya a wuya a irin wannan dare, domin yana iya shaƙe kansa wajen fizga. In ya shige ƙarƙashin wani abu ba a janyo shi, ba a yi masa tsawa. Yarana sun san alamun: rawar jiki, haki, kunnuwa a kwance, wutsiya tsakanin ƙafafu. In sun ga haka sai su ja da baya su kira ni. A ranakun da gari ya yi shiru kuwa, mukan yi masa irin na doki: ƙaramin ɗana ya buga gwangwani daga nesa, ni kuma in miƙa masa ɗan nama. Tsoron bai tafi duka ba, amma yanzu ba ya neman tsallake katanga.

Ƴan uwana malamai da iyaye, roƙona biyu ne. Na farko, mu koya wa yara cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ga shafa toka ko ɓoye wa baba don tsoron bulala. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, tana zuwa dab da komawa makaranta, ta isa a yi darasi guda a kai. Na biyu, in mun koyar da tarihin Tanimun da igwarsa, mu ƙara da yadda mahayansa suka san lallashin dabba. Kuma kafin mu ba yaro kuɗin sayen abin fashewa, mu tambaye shi inda zai fasa.

Yaron da ya ce mini "ai kare ne" ban dake shi ba. Na sa shi ya riƙa biyowa ta gidana bayan an tashi yana cika kaskon ruwa. Kwana goma Tsintau na ganinsa yana gudu, yaron kuma abin na damunsa. Ranar da karen ya yarda ya sha ruwa yana tsugune kusa da shi, da gudu ya zo ya faɗa mini. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu zama masu jin ƙan abin da ke ƙarƙashinmu.