Zungeru da Makomar Ajami

Daga 1902, lokacin da Lugard ya taso da hedikwatarsa daga Jebba, har zuwa ƙaurar gwamnati Kaduna, Zungeru ce fadar mulkin Turawa a Arewa. A wannan ɗan gari na bakin Kogin Kaduna gwamnati ta ɗora aikinta a kan boko, ta ajiye ajami gefe. Ra'ayina shi ne, dalilin na mulki ne, ba gazawar ajamin ba.

Ko Turawan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Razdan Burdon na Sakkwato yana ganin ƙimar ajami, Dokta Miller na mishan kuwa ya tsaya kai da fata a kan boko. Hujjar da ta rinjaya ita ce sauƙi: jami'in da bai iya karanta wasiƙar sarki ba dole ya dogara ga tafinta, ga kuma injin ɗab'i da tafireta duk na haruffan Turawa. A 1912 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko.

Masu cewa ajami bai iya ɗaukar sautukan Hausa ba, su buɗe tsohuwar takarda su duba. Malamai sun ɗora ɗigo uku a kan harafi suka samar da tsa. Sun ari imalar Warshu, ɗigon nan mai kauri a ƙarƙashin baƙi, suka rubuta wasalin e. Gaskiya ne hannun Kano da na Sakkwato sukan saɓa, amma shi ma bokon sai a shekarun 1930 ya samu ɓ da ɗ da ƙ, kuma hukuma ce ta daidaita masa su. Ajami bai taɓa samun irin wannan gata ba.

Ƙasar Ailan ta bi irin wannan hanya. Tun 1571 ake buga harshen Gelik da tsofaffin haruffansa, masu ɗigo a kan baƙi. Zuwa shekarun 1960 makarantu sun koma haruffan Rumawa, harafin h ya maye gurbin ɗigon. Yau tsohon rubutun ya koma ado a kan kwabbai da allunan shaguna. Sai dai asararsu ba ta kai tamu ba, domin haruffan nasu biyu tushensu ɗaya, ɗalibi kan gane tsohon cikin ɗan lokaci. Ɗan boko zalla kuwa, idan aka miƙa masa waƙar Nana Asma'u a rubutun hannu, sai dai ya yi ta kallo.

Shi ya sa taƙaddamar da ta biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ta fi ba ni tausayi: muna kare kalmomi biyu a jikin kuɗi, alhali wasiƙun sarakuna da kundayen magani suna hannun gara. Almajirin da ya wanke allo ya riga ya mallaki baƙaƙen. Abin da ya rage shi ne jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya, a kuma sa ajami cikin darasin Hausa tun daga firamare.