Bishiyar Ostiraliya da ta shiga tuwon Maraɗi

1/ Jama'a, ga zare kan Acacia colei, wata bishiya 'yar dangin bagaruwa. Asalinta arewacin Ostiraliya ne, inda ƙasa rairayi ce, ruwan sama kuma kaɗan. Ba ta da ƙaya, ba ta yin tsawo sosai, amma 'ya'ya kam sai wanda ya gani. Ku biyo ni.

2/ Tun kafin Turawa su taka ƙasar, 'yan asalinta, wato Aborijin, suna cin ƙwayarta. Mata su tara, su sheƙe, su niƙa a dutse, su kwaɓa, su gasa a toka mai zafi.

3/ Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, aka yi ta shigo da itatuwan Ostiraliya yankin Sahel don tare iska da samun itacen girki. Lokacin ba maganar ci ake ba.

4/ A ƙarshen shekarun 1980, masanan CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostiraliya, suka lura bishiyar na zuba 'ya'ya a Maraɗi, suka ce ai wannan abinci ne a can gida. Ma'aikatan SIM, cikinsu har da Tony Rinaudo, suka fara gwaji tare da manoma.

5/ Me ya sa aka ɗora mata buri? Ƙwayarta ta fi gero sinadarin gina jiki. Tana nuna da rani, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Ɓawonta mai tauri ne, tana shekaru a ajiye. Mata suka riƙa gauraya garinta da na gero ko dawa a tuwo da kunu.

6/ To amma fa ba ta bazu yadda aka zata ba. Bishiyar ba ta daɗewa take mutuwa, sarrafa ƙwayar aiki ne ja a wuyan mata, ga ƙamshin da baki bai saba ba.

7/ Abin da ya bazu shi ne dabarar da Rinaudo ya fara a 1983: manomi ya bar kututturen gawo, kalgo da sabara su tofo, ya riƙa sassabe su da kula. An ƙiyasta ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar.

8/ Duk mai shirin dashen bishiyoyi a Katsina ko Jigawa, kafin ya sayo iri daga waje, ya tambayi manoma abin da ke ƙarƙashin gonarsu, ya tambayi mata wa zai yi dakan.