Yadda Muka Daina Yarda da Hatimi

Magabatanmu a sana'ar tsohon yankakken gilashi da kunne suke aiki. A ɗan daki bakin kwano da farce, in ya yi dogon amo a ce akwai dalma a ciki, shi ke nan an gama magana. To amma dalma ba ta faɗin shekaru. Tun wajajen 1674 George Ravenscroft ya buɗe wa irin wannan gilashi hanya a Ingila, kuma har gobe ana yin sa.

Tarihin haraji ne ya fara ba mu makama. A 1745 Ingila ta sa wa gilashi haraji gwargwadon nauyinsa, harajin da bai isa Ireland ba sai 1825. A wannan tsakani aka kafa masana'antar Waterford a can Ireland, a 1783, ta rufe a 1851. Daga baya dillalai suka yi ta yaɗa cewa kayan Waterford na asali suna da shuɗi-shuɗi, aka yi ta cin kasuwa da wannan zance har Dudley Westropp ya rushe shi a littafinsa na 1920.

Kayan Amurka, na zamanin da ya tashi daga 1876 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, su suka fi koya mana hankali. Kamfanoni irin su Hawkes da Libbey sun riƙa buga sunansu da ruwan asid, ɗan mitsitsi, sai an karkata kwanon a haske ake gani. Masu saye suka ɗauki hatimin nan tamkar rantsuwa, 'yan jabu kuwa suka gane buga shi ya fi yanka gilashi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin yana mini ciwo, domin kaya masu kyau da yawa ba su taɓa ɗaukar hatimi ba, aka wulaƙanta su.

Yau tsoffin kundayen tallan kamfanoni muke buɗewa, mu gwada zane da zane. Fitilar UV kan sa yawancin na Amurka su yi kore saboda manganis. Sauran aikin na yatsa ne: bakin yanka na hannu yana da kaifi, na zubi kuwa a dakushe yake. Sannan a kifa kwanon a duba gindi. Gogewar shekara ɗari ƙarce ce barkatai, kowanne da inda ya nufa; wadda aka yi jiya da takardar goge katako, layukanta duk gefe guda suke kallo.