Ramuka Biyu a Bayan Amfilifaya: Yadda Lalacewa Ta Koma Kiɗa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, musamman ga waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Yau tarihi zai kai mu wani lungu da ba kasafai ake leƙawa ba, wato bayan amfilifayar jita. Duk wanda ya taɓa juya irin wannan akwati, a situdiyo ko a wajen biki, wataƙila ya ga ramuka biyu kusa da juna, an rubuta Send a kan ɗaya, Return a kan ɗayan. Masu harkar suna ce musu ifek-luf. Mu a nan za mu ce hanyar zagaye, don aikinta ke nan: sauti ya fita ta ramin farko, ya ratsa wata na'ura, ya dawo ta na biyu. Ramukan nan sun sa makaɗa da dama sun kai lafiyayyar amfilifaya wajen mai gyara, wasu ma sun sayar da tasu a wulaƙance. Kuma da wuya ka gane abin da ke sa su ba da matsala in ba ka san dalilin da ya sa aka huda su ba.

Da farko babu su. Lokacin da George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fito da jitar lantarki a Kalifoniya a farkon shekarun 1930, buƙatar ɗaya ce tak: a ji jita a tsakiyar ƙahonni da ganguna. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin amfilifayoyi har yau, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton, bai ma iya kaɗa jita ba. Shi da ire-irensa sun gina akwatin ne a kan sassa biyu. Sashen gaba yana karɓar ɗan siririn sautin jita ya raine shi, ya gyara masa murya. Sashen ƙarfi kuma ya ɗauki wannan ya ba shi ƙarfin da zai girgiza sifika. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu. A wajen injiniyoyin wancan zamani, sauti mai kyau shi ne wanda ya fita tas kamar yadda ya shiga. In ya fara kaushi yana gurnani, to wani abu ya lalace.

Sai ga shekarar 1951. Ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Clarksdale ta jihar Misisifi zuwa Memfis don ɗaukar waƙa a situdiyon Sam Phillips. A hanya amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta samu matsala. Wasu sun ce faɗowa ta yi daga kan mota, wasu sun ce ruwan sama ne ya shige ta. Ko ma mene ne, takardar sifikar ta lalace, ga shi babu lokacin gyara, sai aka cusa mata takardu aka ci gaba da aiki. Sautin ya fito a shaƙe, yana zuuu kamar an tsokano gidan zuma. Phillips ya saurara ya ce a bar shi haka. Waƙar ita ce "Rocket 88", wadda da yawa ke lissafawa cikin na farko-farko a kiɗan rok.

Daga nan abin ya tashi daga tsautsayi ya koma ganganci. A 1958 Link Wray ya sa fensir ya huhhuda sifikunsa don ya samu irin wannan kaushi a "Rumble". Kiɗa ne zalla, babu baiti ko ɗaya, amma duk da haka wasu gidajen rediyo a Amurka suka hana sa shi, wai zai tunzura matasa. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Landan ya tsaga tasa sifikar da reza. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Nashbil. Ana ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fita a 1961, sai wani layi na miksa ya lalace daidai inda jitar Grady Martin ke bi. Injiniyan, Glenn Snoddy, bai tsaya kan gyara kawai ba. Ya zauna ya ƙirƙiro ɗan akwatin da zai riƙa kwaikwayon wannan lalacewa duk sanda aka taka shi da ƙafa. Kamfanin Gibson ya fitar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ya yi kwantai a shaguna har 1965, lokacin da Keith Richards ya yi amfani da shi a "Satisfaction", sai kasuwa ta buɗe. Ku duba fa, an sa lalacewa a kwali ana sayarwa.

To amma gurnanin da makaɗa suka fi so ba na yagaggiyar sifika ba ne, na bawul ne, waɗannan 'yan kwalaben masu kama da ƙwan lantarki da ke cikin tsofaffin amfilifayoyi. Shi kuma ba ya fitowa sai an mure sauti har ƙarshe, an takura sashen ƙarfi. Jim Marshall, wani mai ganga da ke da shagon kayan kiɗa a Hanwell ta Landan, ya fara ƙera tasa amfilifayar a 1962 bisa tsarin Fender Bassman. Zuwa 1965 ya yi wa su Pete Townshend na The Who mai wat 100. A babban fili abin ya yi daidai. A ƙaramin ɗaki kuwa azaba ce, kuma shi kansa Townshend ya daɗe yana fama da matsalar kunne.

Mafita ta zo ne daga wani mai gyara kuma, Randall Smith na Kalifoniya, wanda ya fara da yi wa ƙananan amfilifayoyin Fender Princeton garambawul kafin ya kafa Mesa/Boogie. A farkon shekarun 1970 ya jera bawul a sashen gaba, wannan na tura wa wancan, har gurnanin ya riƙa haɗuwa tun a can, sannan a sa wani maɓalli a ƙarshe da zai rage yawan ƙarar. Carlos Santana na cikin waɗanda suka fara rungumar abin. Marshall ma ya bi sahu a 1975. Yanzu kana iya samun gurnani ba tare da ka tashi unguwa ba.

Nan ne aka warware matsala ɗaya aka haifi wata. Makaɗa sun saba haɗa na'urar eko, irin su Echoplex ko Roland Space Echo ta 1974, tsakanin jita da amfilifaya. Da can babu laifi, don sashen gaba tas yake. Amma gurnani yana da wata ɗabi'a: yana danne sauti mai ƙarfi, ya ɗaga mai rauni. Eko kuwa daɗinsa shi ne kowane maimaici ya fi wanda ya gabace shi rauni har ya ɓace. In eko ya riga shiga, sai gurnani ya ɗago duk maimaicin nan su yi kai ɗaya da ainihin bugun, komai ya cakuɗe. Kamar ka zuba miya a tukunya kafin ka tuƙa tuwo ne. A situdiyo injiniya na iya sa eko daga baya a kan miksa. A dandali fa? Dole a samu ƙofa tsakanin sashen gaba da sashen ƙarfi. Sai aka yanke wayar da ta haɗa su, aka sa rami a kowane ɓari. Masu gyara ne suka riƙa yi wa mutane ɗaya-ɗaya, kafin kamfanoni su karɓa. Mesa/Boogie Mark IIB ta 1980 na cikin sanannun da suka fito da ita daga masana'anta, kuma cikin shekaru goma abin ya zama gama-gari.

Wato hanyar zagaye tsomi ce aka yi wa tsohon gini, ba a zana ta tun a harsashi ba. A ganina kusan duk matsalolinta daga nan suka samo asali.

Ɗauki batun ƙarfin sigina. Shekarun 1980 zamanin manyan na'urorin situdiyo ne da ake jerawa a akwati guda, irin Yamaha SPX90 da TC Electronic 2290 ta ƙasar Denmak. Waɗannan an yi su ne don sigina mai kimanin bolt 1.23, sai masu amfilifaya da yawa suka auna ramukansu da wannan. Yau kuwa yawancin matasa 'yan fedal suke saye, masu aiki da batirin bolt 9, waɗanda aka yi don raunanan siginar jita, ko a ce matakin bolt 0.3. Bambancin ya kusa ninki huɗu. Ka tura babbar sigina cikin ƙaramin fedal, sai ya shaƙe, ya riƙa wani ɓarɓar mara daɗi. Ko kuma akasin haka, da ka taka fedal sai ƙarar duka ta faɗi. Babu abin da ya ƙone. Kayan zamani biyu ne ba sa jin yaren juna. Shi ya sa wasu amfilifayoyin ke da ɗan maɓalli a baya mai +4 da -10, ko abin murɗawa na rage siginar fita. Mutane da yawa ba su taɓa taɓa shi ba.

Akwai kuma masu tsarin raba sauti biyu, rabi ya wuce kai tsaye, rabi ya zaga ya dawo a gauraya. Da na'urar dijital, wadda ke jinkirta sauti da ɗan ƙiftawa, in ita ma ta dawo da ainihin sautin sai su biyun su riƙa soke juna, ka ji jita ta koma kamar daga cikin bututu. Maganin shi ne a saita na'urar ta dawo da eko zalla.

Amma babbar mai laifi ita ce mafi ƙanƙanta. Filogin da ake sokawa a jita, mai kaurin milimita 6.35, gadon allunan haɗa layin tarho ne na ƙarshen shekarun 1870. A cikin ramin hanyar zagaye akwai wani ɗan harshen ƙarfe. In ba a soka komai ba, yana manne da ɗan'uwansa, kuma duk sautin amfilifayar ta wannan 'yar mahaɗa yake wucewa. Da tsatsa ko datti ya hau, sai sauti ya fara yankewa, ya yi ƙasa, ya dawo, ya yi ƙaraf-ƙaraf. Abin dariyar, wanda bai taɓa amfani da ramukan ba shi ya fi shan wahala, don babu filogin da ke shiga yana kankare su. Sai mutum ya yi ta canja bawul da sifika a banza.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Agadas ta zama ɗaya daga cikin garuruwan jitar lantarki da duniya ke sauraro, ta dalilin su Bombino da Group Inerane da Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Kiɗan nan a filin biki ya girma, a kan rairayi, da janareta a gefe. Kayan da aka ƙera don ɗakunan Landan da Kalifoniya, ga su cikin ƙurar hunturu. Ramin da ke buɗe a bayan akwati kuwa, ai ƙofar ƙura ce.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka samu gajeriyar waya mai lafiya, ka haɗa ramin fita da na dawowa kai tsaye. In sauti ya daidaita, harshen nan ne. A kashe amfilifaya, a cire ta daga wuta, a fesa maganin wanke mahaɗar lantarki a jikin filogi, a soka a zare sau da yawa. Wasu ma barin gajeriyar wayar suke yi a wajen har abada. In bai daidaita ba, ramukan za su nuna maka inda ciwon yake: ka rage ƙarar jitarka sosai, ka soka ta a ramin dawowa. In sauti ya fito tas, ko da siriri ne, sashen ƙarfi da sifika lafiya lau, matsalar tana gaba. In kuma sai an haɗa fedal abin ke tashi, a cire su duka a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya, kuma a fara zargin waya kafin na'ura. A duba ma ko an juya haɗin, don ramin fita bakin shigar fedal yake nema.

Saura gunjin nan mai huuum da ba ya tsayawa. Sau da yawa yana zuwa ne in amfilifaya na soket ɗaya, na'urar eko na wani, kowacce da wayar ƙasarta, ga kuma wayar sauti ta sake haɗa su. Sai wutar ta samu da'irar zagayawa, ka ji bugun lantarkinmu mai hamsin a daƙiƙa a cikin sifika. A haɗa su a soket guda, ko a sa 'yar taransifoma mai raba su a kan layin sauti. Abin da wasu ke yi, karya ƙafa ta uku ta filogin wuta, yana kashe gunjin, gaskiya ne, amma ita ce ƙafar da ke kwashe wuta in ta zubo jikin ƙarfe, kuma igiyoyin jita a haɗe suke da wannan ƙarfen. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandali a Swansea a 1972, da ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. Keith Relf na The Yardbirds ya rasu a gidansa a 1976 yana kaɗa jitar da ba a haɗa ta daidai ba. Haka kuma buɗe cikin amfilifaya mai bawul aikin mai gyara ne, don akwai kafasitocin da ke iya riƙe sama da bolt 400 ko bayan an zare ta daga soket.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba.