Wembley 1924: shekarar da aka gina ganuwar Hausa a Landan

1/ Duk mai shiga gidan kallon ƙwallo a Kankiya ko Kusada ya san Wembley. Abin da da yawa ba su sani ba, filin nan don wani gagarumin baje koli aka gina shi, kuma har Sarkin Katsina ya je. Zare ne mai ɗan tsawo, ku biyo ni 🧵

2/ Ran 23 ga Afrilu 1924 Sarkin Ingila George na biyar ya buɗe Baje Kolin Daular Birtaniya a Wembley. A ranar ne aka fara jin muryar sarkin Ingila a rediyo. An ci kasuwar a 1924, aka sake a 1925. Mutum kusan miliyan 27 suka shiga.

3/ Manufar a fili take: a nuna wa talakan Ingila arzikin ƙasashen da suke mulka, a kuma ce ga ci gaban da aka kai musu. Kusan kowace ƙasa ta samu rumfarta, daga Indiya har Kanada.

4/ Mu namu ba rumfa ba ce, gari guda aka yi mana. Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo aka haɗa cikin wata ganuwa mai launin jar ƙasa, da ƙofofi da zankaye, an kwaikwayi tsofaffin biranenmu irin Kano. Ka yi tunanin ganuwa a tsakiyar hazon Landan.

5/ Me aka baje a ciki? Gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, kuza, manja, koko, katako. Ku lura da jerin nan da kyau. Yawanci ɗanyen kaya ne da masana'antun Ingila ke jira.

6/ A nan labarin ya iso gida. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke. Layin dogo bai zo Katsina ba. Manomin da ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, irin na ƙasar Kankiya da Kusada, jaki da raƙumi ne suka kai masa kayansa bakin jirgi.

7/ Kuma ba son gyaɗa kawai ya sa shi nomanta ba. Haraji ya koma na kuɗin Bature, wuri ya daina aiki. In kana son sulallan biyan haraji, sai ka noma abin da kamfani ke saye, a farashin da kamfani ya yanka. Wannan ɓangaren ba a baje shi a Wembley ba. An nuna buhu, an bar mai buhun a gona.

8/ Ba kaya kaɗai aka kai ba, har da mutane. An ɗauki masaƙa da dukawa da maƙera daga Afirka ta Yamma, suka zauna a cikin ganuwar watanni, suna sana'a 'yan kallo na kewaye su. Gwanintarsu ta gaske ce, wannan ba musu. Amma fa su ma suna cikin abin da aka biya kuɗi a gani.

9/ Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1924. Ba zuwansa Ingila na farko ba ne, ya je a 1921, tafiyar da ya haɗa da aikin Hajji. Wasu za su ce Turawa sun kai shi ne don ya ga ƙarfinsu ya ƙara biyayya. Haka ne. Sai dai ni a ganina Dikko ma da nasa lissafin. Mutum ne mai zuwa ya gani ya zaɓi abin da zai kawo gida. A zamaninsa aka kafa baitulmalin Katsina, a zamaninsa Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna.

10/ Abin da masu shirin ba su zata ba ya fito daga ɗalibai. Jaridun Landan sun yi ta rubuta shirme kan 'yan Afirka a lokacin, har wata ta ce cin naman mutane ruwan dare ne a Najeriya. Wani ɗalibin lauya ɗan Abekuta, Ladipo Solanke, ya mayar da martani a rubuce. Ɗaliban Afirka da ke can suka kai ƙorafi ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka.

11/ Daga wannan fushin Solanke ya kafa ƙungiyar 'yan Najeriya a 1924, sannan a Agustan 1925 shi da Dokta Bankole-Bright na Saliyo suka kafa WASU, ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma. Nan aka yi ta dafa maganar 'yancin kai. Kwame Nkrumah ma ya riƙe mataimakin shugabanta daga baya.

12/ Wani abin dariya, duk da miliyoyin 'yan kallo, asara aka tafka. Bayan an tashi aka sayar da wurin, aka rushe yawancin gine-ginen, har da ganuwar tamu.

13/ Filin wasan ne ya tsira. Shi ne tsohon Wembley mai hasumiya biyu, inda Ingila ta ɗauki kofin duniya a 1966. An rushe shi a 2003, aka buɗe sabon a 2007 a daidai wurin. Shi kuke gani ranar wasan ƙarshe na kofin FA.