Kalmar "Kamfani": Asalinta da Matsayinta a Manhajar Hausa

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da kalmomin neman riba isassu, irin su fatauci da ciniki da dillanci da koli. Sai dai idan muka duba da kyau za mu tarar kowace daga cikinsu tana nuni ne ga mutum da sana'arsa. Falke ake sani da sunansa, shi ake ba bashi, shi kuma ake bi. Abin da harshen bai tanada ba shi ne sunan wata kafa mai cin gashin kanta, wadda za ta saya ta sayar, a kai ta ƙara, ta kuma ci gaba bayan mutuwar wanda ya kafa ta.

Wannan gurbi ne "kamfani" ya cike. An aro kalmar daga Ingilishi, sautin /p/ ya koma /f/ bisa tsarin Hausa, ta kuma sami jam'i irin na gida, wato kamfanoni. Kamfanin Neja, wanda Ingila ta ba izinin mulki da ciniki a 1886, ya rasa ikon mulkin a farkon 1900, ya ci gaba da kasuwanci kawai. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa saya wa kamfanoni gyaɗa. A 1929 aka kafa UAC. A wancan zamani, in an ce kamfani, Bature da kantinsa da sikelinsa ake nufi.

Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, a nan ne kuma muke ganin matsala a aji. Maɗaba'ar da gwamnati ta kafa a Zariya a 1945 an san ta da Kamfanin Gaskiya, alhali yaɗa karatu ne babban burinta. Yau kuma har mai shago guda yakan kira kansa kamfani, ko da yake dokar kamfanoni ta 2020 ta bambanta kamfani da sunan kasuwanci, ta kuma ware ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba.

Saboda haka ba mu gamsu da fassarar "wurin neman riba" kaɗai ba, domin mai sayar da ƙosai ma riba take nema. Muna ba da shawarar a koyar da kalmar tare da hannun jari da rajista, a kuma raba ta da masana'anta, wadda ɗalibai sukan ɗauka duk abu ɗaya ne.