Kyakkyawar Niyya da Sanin Aiki: Nazarin Jinyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ga Manya Masu Sha'awar Jinsinsu da Masu Sauya Jinsi a Amurka da Birtaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar wasu bincike da aka wallafa a Amurka da Birtaniya tsakanin 1957 da 2022 kan jinyar tattaunawa da ake yi wa manya masu sha'awar jinsinsu da masu sauya jinsi. An ɗora nazarin a kan ra'in matsin da tsiraru ke fuskanta. An gano cewa samun mai ba da shawara da ya ce yana maraba da kowa ya fi sauƙi a kan samun wanda ya san aikin, kuma majinyaci ne ke ɗaukar nauyin wannan giɓi.

Gabatarwa

A 1957 Evelyn Hooker ta wallafa sakamakon gwajin halayya da ta yi wa maza 60 a Amurka, 30 masu sha'awar maza, 30 masu sha'awar mata. Ta miƙa wa ƙwararru amsoshinsu ba tare da sunaye ba, suka kasa bambance ɓangarorin biyu. Duk da haka sai a 1973 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga kundin cututtukanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayu, 1990. Batun masu sauya jinsi ya fi jinkiri: sai a kundin da hukumar ta amince da shi a 2019 aka fitar da shi daga babin taɓin hankali. Goge suna daga kundi abu ne na rana ɗaya. Sauya abin da ke faruwa a ɗakin ganawa kuwa yana cin shekaru, shi ne kuma abin da wannan maƙala ta sa a gaba.

Ra'in Bincike

Ilan Meyer (2003) ya bayyana cewa yawan ciwon damuwa a tsakanin masu sha'awar jinsinsu yana tasowa ne daga abin da suke sha a hannun jama'a: tsangwama, zaman jiran a ƙi mutum, ɓoye kai na shekara da shekaru, da kuma yarda da mugun zaton da ake yi musu har su tsani kansu. King da abokan aikinsa (2008) sun haɗa bincike da dama, suka samu cewa haɗarin ciwon damuwa da fargaba ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi a tsakanin masu sha'awar jinsinsu, yunƙurin kashe kai kuma kusan ninki biyu. Idan aka ɗauki wannan ra'i, aikin mai ba da shawara shi ne ya gane matsin, ya taimaki majinyaci ya jure masa, ya kuma guji zama wani sabon tushen matsin.

Sakamakon Bincike

Abu na farko shi ne cutarwa ta fili. Bartlett da Smith da King (2009) sun tambayi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 1,300 a Birtaniya, kashi 17 cikin ɗari suka amsa cewa sun taɓa taimaka wa wani ya rage sha'awar jinsinsa. Waɗannan masu takardar shaidar aiki ne. A ƙidayar da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2018, wadda mutum kusan 108,000 suka amsa, kashi 2 sun ce an yi musu jinyar sauya hali, kashi 5 an yi musu tayinta. Turban da abokansa (2020) sun nuna cewa masu sauya jinsin da aka yi wa irin wannan yunƙuri sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen yunƙurin kashe kai. Binciken na dangantaka ne, bai tabbatar da sababi ba, amma babu wata hujja mai ƙwari da ke nuna jinyar tana aiki. Robert Spitzer, wanda bincikensa na 2003 aka fi kafa hujja da shi cewa jinyar tana aiki, ya janye fassarar da ya yi masa, ya nemi afuwa a 2012.

Abu na biyu ya fi yawa, ya kuma fi wuyar gani, shi ne rashin sani. Ƙidayar masu sauya jinsi ta Amurka ta 2015 ta tattara amsar mutum 27,715. Cikin waɗanda suka ga ma'aikacin lafiya a shekarar da ta gabaci ƙidayar, kashi 24 sai da suka koya masa abin da ya shafi rayuwarsu kafin su samu kulawar da ta dace. Kashi 23 na dukan masu amsa sun ƙi zuwa asibiti alhali suna da buƙata, don tsoron wulaƙanci. A cikin wannan jama'a ce kashi 40 suka taɓa yunƙurin kashe kansu. Mutum ya biya kuɗin awa guda, ya ƙare rabinta yana karantar da wanda ya zo neman taimako a wurinsa; wannan zalunci ne, ko da ba a yi shi da gangan ba. Tushensa a makaranta yake. Obedin-Maliver da abokanta (2011) sun samu cewa matsakaicin lokacin da makarantun likitanci na Amurka da Kanada ke ware wa wannan fanni a wancan lokaci awa 5 ne kacal a dukan shekarun karatu.

Shelton da Delgado-Romero (2011) sun zauna da majinyata 16, suka fito da ƙananan halaye da ke ɓata jinya. Wani mai ba da shawara yana danganta kowace matsala ga sha'awar majinyaci, ko da rasuwar uwa ce ta kawo shi. Wani yana kauce wa batun gaba ɗaya. Wani kuma yana cika baki da nuna cewa shi ba ya ƙyama, har ganawar ta koma kansa. Dukansu za su iya rubuta "muna maraba da kowa" a ƙofarsu, kuma a manyan jerin sunayen masu ba da shawara da ke intanet, galibi mutum ne da kansa ke ayyana fannin da ya ƙware a kai.

Tattaunawa

Shin jinyar da aka tsara musamman tana amfani? Pachankis da abokansa (2015) sun gwada zama 10 na jinyar gyaran tunani da ɗabi'a da aka gina kan ra'in Meyer, a kan matasa maza 63. Ciwon damuwa da matsalar shan giya sun ragu idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi. A gwaji mafi girma na 2022, mai mutum 254, ratar da ke tsakaninta da shawarar da cibiyoyin al'ummar ke bayarwa ta kasance ƙarama. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sakamakon yana nuna cewa ƙwarewar mai ba da shawara a kan rayuwar majinyaci ta fi tsarin da ke rubuce nauyi. Sai dai gwaje-gwajen biyu a kan maza aka yi su, don haka a yi hattara wajen faɗaɗa hukuncin zuwa ga mata da masu sauya jinsi.

Saboda haka mai neman jinya yana da haƙƙin ya yi tambaya tun a ganawar farko: wane horo aka samu, mutum nawa irinsa aka taɓa kulawa da su, wa ke duba aikin, me ake rubutawa a fayil, wa kuma zai iya ganinsa. Wanda ya san aiki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Amma bai kamata a bar wa mai ciwon damuwa aikin tantance likitansa ba. Muna kira ga hukumomin ba da lasisi da su sa wannan horo cikin sharuɗɗan shaidar aiki, su jarraba shi, su kuma buɗe rajistar da kowa zai iya dubawa kafin ya biya kuɗin ganawa.